Riɗin Alhaji Ba Shi da Ƙwaro

Ina cikin shekarata ta bakwai a Dubai rubutu ya fara ƙanƙancewa. Da farko takardun kwantena ne, sai na ce masu jiragen ruwa sun koyi tsumulmular tawada. Daga nan ya koma kan saƙon waya, na ce kamfanin ne ya sauya tsari bai faɗa wa kowa ba. Da abin ya kai ga ɗan littafin addu'o'in da na zo da shi tun daga Kano, wanda babu mai taɓa shi sai ni, sai na ɗaga kai na harari ƙwan fitilar ɗakinmu na Al Qusais. Washegari na sayo sabo.

A lokacin ni ne mai kula da siton wani Alhaji ɗan garinmu a Ras Al Khor, can bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota. Riɗi yake kawowa daga gida, da zoɓo, da busasshiyar citta. Mu sauke, mu jera, masu gidajen abinci da masu injin matsar mai su zo su ɗiba. Alhaji mutum ne mai fara'a da kyauta, ba ya cin abinci shi kaɗai, amma tunda nake da shi ban taɓa jin ya yarda cewa wani abu da ya fito daga hannunsa yana da aibi ba. In buhu ya yage, motar ɗaga kaya ce. In rigarsa ta matse shi a ciki, telolin Dubai ne ba su san yankan mutanen kirki ba.

Wata ranar Litinin ya shigo yana murmushi, ya ce an samu babban mai saye. Wasu masu markaɗa riɗi ne, irin wanda Larabawa ke dangwala da burodi, suna kai wa otal-otal. To otal-otal ɗin sun fara samun baƙi Yahudawa, su kuwa ba sa cin abinci sai wani masaninsu ya duba ya sa hannu cewa ya halatta a addininsu. Don haka kafin a ɗauki ko buhu ɗaya, za a turo mai dubawa.

Na ce, "Alhaji, Bayahude ke nan zai zo?"

Da alama shi ma sai yanzu ya lura da wannan ɓangaren maganar. Ya kira mai sayen ya sake tambaya. Da ya ajiye wayar sai ya ce, "Ai baƙo baƙo ne. A share sito, a jero buhunan da suka fi kyau a gaba."

Ni dai ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A wajen tafsiri nake jin su, sai kuma a labaran rediyo. Ban san me nake tsammani ba, amma dai ba wannan da ya sauko daga tasi da hantsin Laraba ba: wani gajeren dattijo mai farin gemu, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi tun kafin ya ƙaraso ƙofa, yana jan 'yar jaka mai taya ɗaya da ke ƙugi. Ya cire hular rana, sai ga wata 'yar ƙaramar hula baƙa manne a tsakiyar kansa. Ya yi mana sallama da Larabcin da ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ashe a Maroko aka haife shi, ya girma a Faransa, aikin duba abinci ya kawo shi Dubai.

Alhaji ya sa aka kawo shayin karak mai madara da kilishin da ake ɓoyewa don manyan baƙi. Dattijon ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya ce ruwa kawai zai sha, sai ko dabino in akwai. Ya yi mana bayani a taƙaice: ba sa cin nama sai yankan nasu, ba sa haɗa nama da madara, ba sa cin alade, ba sa cin ƙwaro komai ƙanƙantarsa.

Alhaji ya ce, "Ashe ku ma ba kwa cin alade? To ai an gama magana, Malam. Sa hannu kawai, rana na yi."

Tun daga nan Malam yake ce masa. Ni kuma Baba nake ce masa, don ya girmi mahaifina.

Dattijon ya wuce buhunan da muka sha wahalar jerawa a gaba ko kallo bai yi musu ba. Ya nufi can ƙurya, inda fanka ba ta kaiwa, ya nuna wani buhu na ƙasa. Da muka jawo shi, ya buɗe jakarsa ya fito da farin faranti, da 'yar rariya, da fitila mai kama da ta masu gyaran agogo. Ya ɗebi riɗi, ya girgiza rariyar a kan farantin a hankali, kamar mai tankaɗen garin kunun jarirai. Ya kunna fitila, ya maƙala tabarau a hanci, ya sunkuya. Can ya yafito ni.

"Habibi, ɗana, zo ka gani."

Na zo na duba. Na ga fari, na ga ɗan dishi-dishi kamar an barbaɗa barkono. Na ce, "Baba, ni ban ga komai ba." Kuma wallahi gaskiyata na faɗa.

Alhaji ya tafa hannu. "Ka ji ko? Shekara bakwai yana cikin riɗin nan, ko matarsa bai sani ba kamar yadda ya san shi."

Sai dattijon ya tura masa farantin. Shi fa Alhaji idonsa garau yake. Mutumin da ke hango zaren da ya saki a bakin buhu daga ƙofar ofis. Ya leƙa, na ga goshinsa ya tattare, ya kuma sake, duk a cikin ƙiftawar ido.

Ya ce, "Baƙin riɗi ne. A wajenmu ana samun sa jefi-jefi. Ya ma fi farin magani."

Dattijon ya gyaɗa kai kamar an ƙara masa ilimi. Ya ce, "Baƙin riɗin naku na Kano, ƙafa shida gare shi?"

"Iskar fanka ce ke tura shi."

Dattijon ya roƙe ni in kashe fanka. Na kashe. Zafi ya rufto mana nan take. Mu uku muka tsaya a kan faranti muna gumi. Ni ban ga abin da ke faruwa ba, amma na ga idon Alhaji yana tafiya a hankali daga tsakiyar farantin zuwa bakinsa, yana rakiyar wani abu.

Da abin ya kai baki, Alhaji ya gyara hula ya ce, "To ko ma ƙwaro ne, ɗan Dubai ne. A nan ya shiga. Riɗina tsaf ya baro gida."

"Ya Hajji, ban zo duba fasfonsa ba."

Dariya ta kusa ƙwace mini, na mai da ita tari. Alhaji bai karaya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce shi yana son ya fahimci shari'ar. In ƙwaron da ba a gani haram ne, ai ko ruwan da Malam ya sha yanzu yana da su, likitoci sun faɗa. Dattijon ya ji daɗin tambayar ƙwarai, har ya ajiye rariya. Ya ce malamansu sun daɗe da warware wannan: abin da idon mutum ba zai iya gani da kansa ba, ba a kama mutum da shi. Shari'a ta mutane ce, ba ta mala'iku ba.

Alhaji ya miƙe tsaye da murna, ya kamo hannun rigata. "Khalas, shi ke nan! Ga ido nan. Mutum ne, baligi, mai hankali, mai salla. Ya duba bai gani ba. Malam, da bakinka ka faɗa."

Dattijon ya dube ni sama da ƙasa. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in karanta masa layin farko. Na karɓa, na ɗan matsar da ita gaba. Na ƙara matsarwa. Hannuna ya miƙe iya miƙewa, na karkata wajen hasken ƙofa.

Na ce, "Fitilun siton nan ba su da ƙarfi."

Ya cire tabaraunsa, ya goge da gefen riga, ya yi ɗage ya ɗora mini a hanci da hannunsa. Sannan ya juya kaina zuwa farantin.

Jama'a, ƙwari ne kamar kasuwar Kantin Kwari ana gobe Salla. Masu tafiya, masu dawowa, masu hawa kan 'yan'uwansu, har da wani da ya tsaya a kan ƙwayar riɗi yana goge fuska. Ban san lokacin da salati ya fita daga bakina ba.

Alhaji ya ce, "Gilashin ne ke ƙara musu yawa." Daga nan ya kara waya a kunne, ya ce "Na'am, ina jin ka," ya fice. Ni kuwa ina tsaye kusa da shi, wayar ba ta yi ƙara ba.

Muka zauna a kan buhuna, ni da dattijon, na kunna fanka. Kunya ta ishe ni. Na ce masa kada ya ɗauka baki muka haɗa da Alhaji, ni da gaske ban gani ba.

Ya juyo da gefen hagunsa ya ce, "Na'am?" Na maimaita da ƙarfi.

Ya ce, "Na sani. Shi ya ga ƙwaro ya ce babu. Kai ba ka ga ƙwaro ba. Amma tun yaushe ka san ba ka gani?"

Na ce ai matsalar ƙwan fitila ce.

"Guda nawa ka canza?"

Na ƙirga a zuci. Huɗu. Na biyar yana cikin leda a ƙarƙashin gado. Na faɗa masa, ya yi dariya har ya share hawaye, amma ba irin dariyar da ke sa mutum ya ji haushi ba.

Sai ya ba ni labari. Ya ce a zamanin da, in tabo ya fito wa mutum a fata, akwai malamin da ake kai wa ya duba ya faɗa ko cuta ce ko ba cuta ba. Malamin nan yana iya duba kowa a gari, sarki da talaka. Amma in a jikinsa tabon ya fito, shari'arsu ta hana shi yanke wa kansa hukunci, dole ya je wajen wani. Ba don ana zaton maƙaryaci ne ba. Ya ce kakansa ne ya fara karantar da shi wannan a Maroko, yana ɗan shekara tara, kuma da ya tambayi dalili, tsohon ya ce masa kowane mutum alƙali ne da ya riga ya karɓi toshiya, kuma wanda ya ba shi toshiyar shi ne shi kansa.

Na ce, "To Baba, meye maganin?"

Ya ce babu magani, sai dai dabara. Suna da rana ɗaya a shekara da suke azumi tun daga faɗuwar rana zuwa wata faɗuwar, ba ci ba sha. A ranar kowa zai tsaya a wurin ibada, ana karanta laifuffuka ɗaya bayan ɗaya da murya sama, ana ɗan bugun ƙirji. Amma ba a cewa "na yi", sai "mun yi". Mun yi ƙarya, mun yi gulma, mun taurare kai. Malamai suna da dalilansu masu zurfi, in ji shi, amma shi dalilin kakansa ya fi zauna masa: in aka ce kowa ya tashi ya faɗi nasa shi kaɗai, shiru za a yi har rana ta faɗi. In kuwa an faɗa a taro, mutum yana cikin bugun ƙirji saboda laifin maƙwabcinsa, sai ya ji an zo kan nasa.

Ya tattara kayansa, bai sa hannu ba. A bakin ƙofa ya ce wa Alhaji, wanda ya gama wayarsa, riɗin mai kyau ne, ya daɗe bai ga mai maiƙo irinsa ba, baƙi ne kawai suka yi masa yawa. In sabuwar kwantena ta zo, a kira shi, amma ban da Asabar, don ranar hutun addininsu ce, ko waya ba ya ɗauka.

Kwana biyu Alhaji bai yi mini magana ba sai ta aiki. Laifina shi ne salatin da na yi. A rana ta uku ya zo da masu feshi, ya kuma yi hayar injin tankaɗe. Bai taɓa furta kalmar ƙwaro ba. Cewa ya yi, "A fitar da ƙurar nan." Aka fitar da ƙura, tana gudu da ƙafafunta. Wancan riɗin masu matsar mai suka kwashe. Alhaji ya kira gida ya ce daga yau a riƙa sa leda a cikin kowane buhu kafin a zuba, a kuma daina ajiye kaya a ƙasa ba katako. Bayan wata biyu na ji shi yana gaya wa wasu 'yan kasuwa a wajen cin abinci a Abu Hail cewa shi ya ƙirƙiro tsarin duba kaya a sitonsa, har Bayahude yake ɗaukowa musamman.

Ni ma kada in yi wa Alhaji dariya da yawa, sai da na ƙara sati uku kafin na je wajen masu gwada ido. Na ma sa ƙwan fitila na biyar ɗin tukuna, ko da rabo. Ranar da na karɓo tabarau na kira maiɗakina a Kano ta bidiyo don ta gani. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Alhamdulillahi. Shekara biyu ke nan kana riƙe wayar can nesa, ina ganin ka ɗan mitsitsi kamar hoton katin zaɓe. Na yi maka magana sau uku ka ce sabis ne."

Ban tuna ta yi ba. Ta ce ta yi, har da ranar sunan 'yar ƙanwata. Da na ajiye wayar na shiga banɗaki na dubi madubi. Abin da na daɗe ina ɗauka hasken fitila ne ke sauka a gemuna, ashe furfura ce, kuma ba ta jiya ba ce.

Sabuwar kwantena ta iso, dattijon ya dawo, ya tankaɗe, ya haska, mu biyu muka sunkuya kowa da gilashinsa. Fari tas. Ya sa hannu. Daga nan duk zuwan kaya sai ya zo, muka saba. Nakan ajiye masa dabino da ruwa mai sanyi. Ba mu taɓa shiga maganar siyasa ba, ni ban ɗauko ba, shi ma bai ɗauko ba. Hirarmu ta abinci ce da 'ya'ya da ciwon gwiwa.

A hankali na lura da wani abu. Kusan duk maganar da na yi sai ya ce "Na'am?" ya juyo da kunnen hagu. Ranar farko ya ce ƙarar motar ɗaga kaya ce. Wata rana ya ce fanka. Wata rana kuwa an ɗauke motar zuwa gyara, fanka a kashe saboda sanyin Janairu, sito tsit, amma sai da na faɗi "dabino" sau uku.

Ranar nan matarsa ta kira shi. Ya ƙure ƙarar wayar yadda har masu gyaran mota na maƙwabta za su ji. Da Larabcinsu na Maroko suke magana, ina tsintar kaɗan-kaɗan. Na ji ta tambaye shi ko ya sa abin. Ya ce ya sa. Ta ce ya rantse. Ya ce yana tare da shi, ya dafa aljihun riga.

Da ya gama na ce, "Baba, mene ne a aljihun?"

Ya fito da wani ɗan akwati kamar na zobe. A ciki akwai na'urar ƙara ji guda biyu, sababbi fil, ko alamar kunne babu a jikinsu. Ya ce 'yarsa ce ta matsa aka saya, tun bara. Shi kunnensa lafiya lau. Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana, kowa sai ƙunƙuni.

Na gyara zaman tabarauna, na matso kusa da kunnen hagun, na ce, "Baba, mutum nawa ka canza?"

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har 'yar hularsa ta zame, ya tare ta da hannu. Ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? Shekara arba'in ina duba buhunan mutane."

Na ce to ya sa mana mu gani, ko na minti biyar ne. Ya yi ta ƙorafi, abin yana ƙaiƙayi, yana sa mutum ya zama kamar tsoho. Na ce ni ma haka na ce. A ƙarshe ya sa na dama, ya sa na hagu, ya zauna shiru a kan buhu, idonsa na yawo. Ya nuna sama ya tambayi mene ne wannan. Na ce tattabaru ne a kan kwano, kullum suna nan. Ya ce tayar jakarsa fa, tun yaushe take wannan kukan? Na ce tun ranar da na fara ganin sa.

Muna cikin haka aka kira sallar azahar daga masallacin da ke bayan layin masu taya. Ya miƙe ya je bakin ƙofa ya tsaya.

Ya ce, "Yau sun gyara lasifikar ke nan."

Na ce, "Baba, ba ta taɓa lalacewa ba."

Ya ce shi fa har ya taɓa yaba wa matarsa masallatan unguwar nan, yadda suke rage murya saboda maƙwabta.

Na ɗauki buta na yi alwala a gefen ƙofa. Shi yana tsaye da farin farantinsa a hannu, kai a karkace, bai motsa ba har ladan ya kai ƙarshe. Sannan ya zare na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ya mai da su cikin akwatinsu, ya ce kada batir ya ƙare a banza. Ya roƙe ni in matarsa ta taɓa tambayata, in shaida cewa na gan shi da su a kunne. Na ce wannan kam zan iya rantsewa, na wuce masallaci.